Kashi Biyu Cikin Ɗari

Ranar Talata darakta ya kira ni ofis.
Fanka na juya kai kamar mai ciwon wuya.
Ya turo mini takarda da yatsa ɗaya,
ya ce, "Mato, ga abin da masu ƙidaya suka kawo.
Shirinka na dare, kashi biyu cikin ɗari."

Na duba. Layuka ne, ja da shuɗi da kore,
kowanne na hawan dutsensa.
Nawa na kwance can ƙasa
kamar igiyar guga a rijiyar da ta ƙafe.

Ya ce kamfanin waya ba ya sayen gurmi,
mai maganin basir ma ya janye tallarsa.
Samari na son kiɗan da ke dukan ƙirji,
waƙa ashirin, su ɗin dai,
a yi ta juya su kamar masa a tanda.
Wata mai kamawa na'ura za ta kwana a kujerata.
Ita ba ta shan shayi, ba ta neman kuɗin mai.

Ban yi gardama ba, mai abu da abinsa.
Na dai ce, su wa aka tambaya?
Ya ce yara huɗu ne bisa babura,
sun tsaya bakin Kasuwar Dole da hantsi,
sun zaga fadojin Sabon Gari,
mutum ɗari shida cif.

Da hantsi!

Da hantsi Kyari mai gadi barci yake,
rawani a fuska, rediyo a ƙarƙashin kai.
Barira ta Garin Malam wa ya gan ta?
Tun ƙarfe biyun dare take layin famfo,
don ruwanmu baƙo ne, sai tsakar dare,
in ya ga dama.
Ita da jarka takwas da muryata muke jira.
Masu gashin burodi na Zango fa?
Da direban da motarsa ta mutu a hanyar Tanut,
ya kashe fitila don batir ya kai mu asuba?

Akwai kuma Habsu a cikin Birni.
Mijinta ne ya kaɗa kalangu a wani kaset nawa,
wanda zarensa ya tsinke sau uku,
na liƙe shi da jan farcen matata.
Kafin baiti na biyu marigayin yakan yi tari,
ɗan gajere, busasshe.
Duk daren Juma'a takan aiko jikanta da saƙo:
a sa mata, kada kuma a yanke tarin.
A wane layi za a rubuta wannan?
Ja ko kore?

Daren ƙarshe ban yi bankwana ba,
tsoho ba ya kuka a gaban makirfo.
Na sa kukuma, na sa molo, na sa tarin.
Sai waya ta fara motsi bisa tebur,
ta yi ƙara ɗaya, ta yi shiru,
ta sake, ta yi shiru.
Mutanena ba su da kuɗin kira,
ƙwanƙwasa kawai suke yi su wuce.
Na ƙirga har saba'in da ɗaya
kafin ladanin unguwa ya gyara murya.

Na zuba kaset-kaset a kwalin sabulu,
na ɗaure bayan keke da tsohuwar roba.
Ina turawa ina lissafi da ka,
ni da na bar lakkwal a aji biyar:
biyu cikin ɗari na Damagaram,
in ka tara su wuri ɗaya,
filin kokawa ba zai ɗauke su ba,
sai wasu sun hau katanga.

A bakin ƙofa Kyari ya haska ni da tocila.
Ya ce, "Yau ka daɗe kan kukuma, har na ji sanyi.
Gobe ka fara da gurmi."
Na ce to.
Ya riƙe mini keken, na gyara robar.